Takalmin Kwaɗo

Yayata wanki da guga take yi, kuma tun da na buɗe ido na gan ta hannunta a cikin ruwa yake. Ni kitso nake yi, sana'ar da baki ya fi hannu wahala a cikinta, don haka tun iyayenmu na da rai aka raba mana gado: ni na ɗauki surutu, ita ta ɗauki sabulu. Innarmu takan ce in ka aiki Yaya ɗebo wuta sai ta wanke gawayin kafin ta kawo. Ba duka ne zolaya ba. Da idona na ga ta ari tsintsiyar maƙwabciya, ta gama shara, ta wanke tsintsiyar ta shanya, sannan ta mayar.

A unguwa ba mai kiran sunanta, Mai Guga ake ce mata. Ɗaki ɗaya ne gare ta da 'yar rumfa a gaba, teburin guga da aka lulluɓe da tsohon bargo, dutsen guga na gawayi, da igiyoyin shanya da suka tsaga tsakar gida, in ba ka sunkuya ba rigar wani ta mare ka. Malaman makaranta suna kawo mata kaya, masu aikin ofis suna kawowa, har wani bakanike da nake cewa rigarsa in an matse ta za a tayar da mota. Tabon shayi, gumin wuya, baƙin mai, jini, duk ta san maganinsu. Ta san wanda yake shan taba a ɓoye da wanda matarsa ta daina ɗinke masa maɓalli, kuma ba ta taɓa gaya min ko ɗaya ba, duk da irin roƙon da nake yi. In akwai abin da take alfahari da shi, shi ne ka kawo mata riga ta mayar maka yadda ba wanda zai ce an taɓa sa ta.

Mijinta direban babbar mota ne. Mutumin kirki, sai dai hanya ta fi mu saninsa. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, har mutane suka gaji da tambaya, sannan yaron ya zo. Ina ɗakin. Ƙafafunsa biyu a murɗe suke zuwa ciki, tafin wannan yana kallon tafin wancan. Ungozoma ta yi sauri ta ja zane ta rufe. Yaya ta miƙa hannu ta yaye zanen, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko an ɗora ruwan wankansa. Ni ce na fita waje na yi kukan.

Aka tura mu asibitin ƙashi, ɓangaren yara. A can muka haɗu da wata tsohuwar nas mai faɗin kafaɗa da muryar da ake ji daga bakin ƙofa, wadda iyaye suke kira Uwar Siminti, saboda ita ke naɗe ƙafar yara da farin abin nan da ke daskarewa. Ta ce mana icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka yi ta sa simintin ana cirewa ana sake sawa, kowane zuwa a ɗan ƙara juya ƙafar, har wata rana aka buɗe muka ga ƙafa kamar ta kowa. Na fara guɗa, Uwar Siminti ta ce in adana, yanzu ne aikin ya fara. Ta ɗauko wasu ƙananan takalma farare masu maɗauri irin na bel, an haɗa su da sandar ƙarfe a ƙasa, ta yadda ƙafa ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. Da farko zai sa su dare da rana, daga baya duk lokacin barci, har ya kusa shiga makaranta. Ta ce ƙafar nan tana da taurin kai, in aka yi mata sake gida take komawa.

Ni na sa masa Kwaɗo, don da ya fara rarrafe da ƙarfen sai ya riƙa tattara ƙafafun ya yi tsalle da su gaba ɗaya. Yaya ta harare ni, amma sunan ya zauna, har ubansa da shi yake kiransa.

Wanda bai taɓa ɗaure ƙafar yaro mai ƙiwa ba ba zai gane ba. Kullum in an gama cin abinci da yamma ake fara kokawar. Ya ɓuya bayan tulin wanki, ya ƙanƙame yatsunsa, ya banƙare, ya kira ni in cece shi, ya ce ciki na ciwo, ya ce fitsari. Yaya ba ta daka masa tsawa ba ta kuma lallashi. Takan zaunar da shi a cinya, ta danna diddige har ƙasan takalmin, ta ja maɗaurin tsakiya zuwa hudar da aka nuna mata, ta bi da sauran, fuskarta kamar mai ninke zanen gado. Ko zazzaɓi yake yi sai an sa. Ranar da innarmu ta rasu, gida cike da mutane, na ga ta ja shi gefe ta ɗaure. Wata gwaggonmu ta ce wannan rashin imani har ina, Yaya ta ce sannu da zuwa Gwaggo, ta ci gaba da jan maɗauri. Gado ɗaya suke kwana, shi kuwa mai juyi ne, in ya juya ƙarfen ƙwaurinta yake samu. Shekaru ƙwaurin Yaya bai rabu da baƙin tabo ba, kafin wani ya washe wani ya hau kai.

Sai kuma ranar da ya rage kwana ɗaya a koma asibiti. Nan ne halin ya tashi. Tun da safe za ta zauna da tsohon buroshin haƙori ta bi kowane lungu na takalmin, ta fitar da shatin diddige da gumi ya bari a ciki. Ƙarfen ta dirje shi da soson ƙarfe har ya riƙa ɗaukar ido. Maɗaurin, wanda ja da ɗaurin kullum ya lanƙwasa, ta ɗora masa jiƙaƙƙen ƙyalle ta bi shi da dutsen guga mai ɗumi har ya kwanta. In huda ta buɗe baki, ta kai wa mai gyaran takalmi na bakin titi ya yanko farar fata ya canza, ta tsaya a kansa har ya huda daidai. Daren nan safa biyu za a sa wa Kwaɗo, da gargaɗin kada ya ɓata. Na ce mata Yaya, asibiti za mu ko gasar tsafta. Ta ce kayan mutane ne, aro aka ba ta, ba za ta kai musu ƙazanta ba.

Uwar Siminti dariya take yi in ta gani. Takan ɗaga takalmin ta nuna wa sauran nas-nas ta ce ku zo ku ga na Mai Guga, ya fi ranar da muka ba ta. Ta san Yaya. Ta taɓa ganin ƙwaurin ma, wata rana da Yaya ta sunkuya zanenta ya ɗage, sai ta dafa ta. A zuwanmu na ƙarshe da muka same ta, ta murza ƙafar Kwaɗo ta ce in muka dawo likita ya ga ƙafar ta zauna, to an gama, ƙarfe ya ƙare.

Kwaɗo ya ji, kuma ba wanda bai gaya wa ba a unguwa. Ya kusa shekara biyar lokacin. A lissafinsa in an ɗaure shi ƙafa ɗaya gare shi, don haka yake tare masu kawo wanki a ƙofa yana ce musu ya kusa fara kwana da ƙafa biyu.

Ana cikin haka na shigo wata rana na tarar da Yaya tsaye a rumfa da silifas ɗinsa na hagu a hannu, ta kifa shi tana kallon ƙasan. Gefen waje ya cinye, na ciki kuwa kamar ba a taka shi. Wuta tana ci a dutsen guga, rigar wani malami tana shimfiɗe, ba ta ko kalle su ba. Da ta gan ni sai ta jefa silifas ɗin cikin kwandon shara ta ce ya tsufa. Ban tambaya ba. Mai wanki ba a koya mata karanta inda kaya suka ci, kuma ni ma ba makauniya ba ce.

Ranar asibitin ta sa masa sabon takalmin roba da farar riga. Takalmin ƙarfen yana cikin farar leda, a naɗe cikin tawul. Muka miƙa kati a taga muka zauna a dogon bencin da muka sani, ƙarƙashin zanen raƙumin dawa da fentinsa ya ɓare daga wuya. Fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Daga ɗakin ƙarshe ana jin ƙarar zarton da ake yanka siminti da shi, da kukan wanda ake yanka wa. Yara a ko'ina, mai sanda, mai ƙarfe har cinya, jarirai da fararen ƙafafu a miƙe a bayan uwayensu. Na saba cika bencin nan da hira, har kitso na taɓa samu a nan. Ranar na nemi abin faɗa na rasa.

Wata mata mai ƙiba kusa da mu tana cin gyaɗa, nata takalmin ƙarfen a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ya yi baƙi ƙirin. Da Yaya ta buɗe tawul don ta sake duba nata, matar ta leƙo, ta yi dariya ƙasa-ƙasa ta taɓa ta da gwiwar hannu.

"Yaronki ma ba ya yarda a sa masa ko? Ai da kin goga shi a ƙasa a bakin get. Ni haka nake yi, in murza shi da turɓaya in lanƙwasa maɗaurin. Takalmin suke dubawa."

Yaya ta kalle ta irin kallon da take yi wa tabon da ba ta san asalinsa ba, ta ce yana sawa. Matar ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Kafin in gama juya maganar matar aka kira mu.

Ba Uwar Siminti a ɗakin. Ashe ta yi ritaya, ta koma wajen 'yarta. Wata yarinyar nas ce, siririya, idonta ya faɗa don gajiya, da wani likita da ba mu taɓa gani ba. Sun amsa gaisuwa da mutunci. Likitan ya ce a cire wa yaro takalmi ya taka zuwa bango ya dawo. Kwaɗo ya tafi yana banƙaro ƙirji don ya burge. Ƙafar dama ta sauka daidai. Ta hagu gefenta take sauka, yatsun suna leƙen ciki. Likita ya sa ya sake, ya sa ya tsuguna, diddigen hagu ya ƙi taɓa ƙasa. Ya ɗora shi a gado ya kama ƙafar ya tura sama, ta tsaya a inda ta ga dama. Na kalli Yaya. Bangon da ke bayan likita take kallo, hannayenta a kan cinya, farare fat saboda sabulu.

Likita ya ce ta hagun ta fara komawa. Ya miƙa hannu aka ba shi takalmin. Ya juya shi, ya leƙa ciki, ya bi maɗaurin da babban yatsa, ya miƙa wa nas. Ita ma ta duba hudojin ɗaya bayan ɗaya.

"Mama, ki gaya mana gaskiya, ba faɗa za mu yi ba. Yaushe rabon da a sa masa wannan?"

"Jiya," in ji Yaya.

"Kafin jiya fa?"

"Kullum."

Nas ɗin ta sauke numfashi. Ta ce kowace uwa haka take cewa, kuma ta san abin da wahala, amma gani ya kori ji. Takalmin da ake sawa kullum yana da shatin diddige, maɗaurinsa yana karyewa a inda ake ɗaurewa, ƙarfensa yana ƙujewa. Wannan ko ƙura babu. Sai ta durƙusa gaban Kwaɗo ta tambaye shi cikin muryar wasa ko yana sa takalmin nan. Kwaɗo ya kalli uwarsa, ya kalli takalmin.

"Mama ta ce kar in ɓata shi."

A nan bakina ya dawo. Na ce baiwar Allah wanki take yi, sana'arta ce, wanke shi take yi, goge maɗaurin take yi da dutsen guga, ku tambayi duk wanda ya san Uwar Siminti. Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita, wa zai yarda an yi wa maɗaurin takalmi guga. Nas ta ce to, irin to ɗin da nake ce wa wadda nake yi wa kitso in ta ce gashinta da can har baya yake. Na kusa cewa Yaya ta ɗage zane ta nuna musu ƙwaurinta. Ta riga ni, ta dafa gwiwata ta danna, na yi shiru. Na san ko za a yanka ta ba za ta buɗe ƙafarta gaban baƙon namiji don a yarda da ita ba.

Tambaya ɗaya Yaya ta yi, likitan yana rubutu.

"In ana sawa, tana komawa?"

"Takan koma," ya ce, bai ɗago ba. "Amma ba kasafai ba."

Ya yi bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa wanda ake so ya gyara hali. Za a koma siminti a ƙafar hagu, a yi ta canzawa, wataƙila daga baya a yi ɗan aiki a jijiya. Bayan nan sabon takalmi, babba, kuma wannan karon a daure a riƙa sawa. Yaya ta ce to. Ta ce an gode.

A ɗakin simintin Kwaɗo bai yi kuka ba da farko, ya ɗauka cire wani abu za a yi. Sai da ya ji sanyin jiƙaƙƙen bandejin ya wuce gwiwa ya hau cinya ya gane. Ya tambayi uwarsa ko yau ɗin ba zai kwana da ƙafa biyu ba. Ta ce ba yau ba. Tana riƙe da cinyarsa yadda aka ce ta riƙe, farin ruwan yana ɗiga a kan zanenta, ba ta ko kakkaɓe ba. Ni ina tsaye a jikin ƙofa ina karanta wata takarda da aka manna kan wanke hannu, na karanta ta daga sama har ƙasa ban san me ta ce ba.

Za mu fita Yaya ta miƙa hannu ta ɗauki ledar takalmin. Nas ta ce ta bar shi, ya yi wa yaron kaɗan yanzu, kuma tunda bai ci ba akwai wanda zai amfana. Ta buɗe wani kabad na ƙarfe a kusurwa. Takalma ne a jere, farare, waɗanda ba a taɓa bayarwa ba, kowanne da sandarsa. Ta gyara wuri a tsakiya ta ajiye na Kwaɗo. Na zuba ido ina so in riƙe wanne ne, ta ɗan matsar da na gefensa, shi ke nan ya ɓace min. Yaya ma ta kalla. Ita na tabbata ta gane nata, amma sai ta ninke tawul ɗin ta sa a leda.

A mota ta rungume Kwaɗo a cinya, ƙafar simintin a miƙe ta tokare kujerar gaba. Ya yi barci. Muka wuce kasuwa, muka wuce gada, kwandasta yana ta kiran unguwanni. Ban ji haushi ba, abin da ya ba ni tsoro ke nan, ni da nake zagin mai mota in ya taka birki da ƙarfi. Sai da muka kusa sauka na ce mata da ta nuna musu ƙwaurin. Ta sunkuya ta ɗan ɗage bakin zanen ta duba, kamar kayan wani aka ce ta kimanta.

"Tabon ma zai goge kafin mu koma," ta ce.

A gida wanki yana jiranta a jiƙe tun safe. Ta ajiye Kwaɗo a tabarma ƙarƙashin rumfa ta hura gawayi. Bakaniken nan ya leƙo karɓar kayansa, ya ga simintin, ya karɓa ya tafi. Da Kwaɗo ya farka ya gwada tashi ya kasa, sai ya koma jan gindi, ya sauka daga tabarmar ya nufi inda kyanwa take kwance, ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar da ruwan wanki ke bi. Farin simintin nan ya ɗebi laka tun daga diddige har gwiwa.

Na ga hannun Yaya ya tafi ga tsumman da ke rataye a ƙusa, da kansa, ba ta ko waiwaya ba. Ta ɗauko shi, ta tsoma a ruwa, ta matse. Sai ta tsaya da shi a hannu, ruwa yana bin yatsunta. Da na ga ta daɗe na ce ta kawo in goge masa.

"Bar shi," ta ce. "Su gani."

Ta mayar da tsumman kan ƙusa, ta gwada zafin dutsen guga da ɗan yawu, ta jawo rigar malamin ta fara daga wuya.